Ƙwayar zaƙi ko suga: amsoshin tambayoyinku na wannan mako

Tambaya ta farko, daga wata baiwar Allah a Kano: Assalamu alaikum Anti, Allah ya ƙara basira. Mahaifiyarmu ce take da ciwon suga, likita yace ta daina sa suga a shayi, sai muka siyo mata ƙananan ƙwayoyin nan na zaƙi da ake saidawa a kemis, tana ta sha lafiya lau har sugan nata ya fara daidaita. To kwanaki sai aka turo wata murya a gurup ɗin gidanmu na WhatsApp wai hukumar lafiya ta duniya tace abin yana kawo kansa, wallahi tun daga ranar Mama ta watsar da su ta koma suganta, tace gara ciwon da ta sani. Anti don Allah mene ne gaskiyar magana?

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya ba Mama lafiya ya saka miki da alheri da kike kula da ita haka. Bari in fara da abin da ya fi gaggawa, ki lallaɓa Mama ta ajiye sugan nan tun yau ba sai gobe ba, domin illar suga ga mai ciwon suga ba zato bane, abu ne da ake gani kullum a asibiti, ido ya dushe, ƙoda ta gaza, ɗan ciwo a yatsan ƙafa ya ƙi warkewa har a kai ga yankewa. Ita kuwa maganar kansa bari kiji yadda take.

Muryar da aka turo muku akwai inda ta samo asali, ba ƙarya bace zalla, amma an yanke mata wutsiya. A watan Yulin 2023 wata cibiya ta hukumar lafiya ta duniya mai binciken ciwon daji, wadda take birnin Liyon na Faransa, ta saka aspatem, ɗaya daga cikin sinadaran zaƙin nan, a rukunin da suke kira 2B, wato abubuwan da “mai yiwuwa” suna iya kawo kansa amma hujjar da ke hannu ba ta da ƙarfi. Su wannan cibiya rukuni-rukuni suke da shi, na ɗaya shi ne wanda aka tabbatar babu tantama, nan taba sigari take da giya da naman da aka sarrafa irin su sosej, shi kuwa 2B can ƙasa yake, har ruwan ganyen alobera da ba a tace ba yana ciki. A rana ɗaya da wannan sanarwa wani kwamitin masana na hukumar lafiyar da hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda shi aikinsa ya faɗi adadin da mutum zai iya sha ba tare da matsala ba, ya fito yace bai ga dalilin canza ƙa'idar da ake kai ba, miligiram 40 a kan kowane kilo na nauyin mutum a rana. Su da kansu suka bada misali, mai nauyin kilo 70 sai ya sha gwangwanin lemo marar suga sama da 9 zuwa 14 a kullum kafin ya haura wannan iyaka. Kinga ƙwaya ɗaya ko biyu da Mama ke jefawa a kofin shayi safe da yamma ko kusa ba ta kama hanyar wurin ba. Wannan rabin na biyu shi ne masu tura murya basa faɗa, kuma abin yana min ciwo sosai, domin mutum yana kwance a ɗakinsa zai danna waya ya tura, bai san wata tsohuwa zata jefar da abin da ke taimakonta saboda shi ba.

Kuma ba yau aka fara irin wannan tsoron ba. Sakarin, wanda shi ne kakansu duka tunda tun 1879 aka gano shi a jami'ar Jons Hofkins ta Amurka, an taɓa yi masa irin wannan a shekarun 1970, da aka ɗura wa ɓeraye shi da yawan gaske sai wasu suka kamu da kansar mafitsara, hankalin mutane ya tashi, daga 1977 aka tilasta rubuta gargaɗi a jikin kwalinsa a Amurka. Daga baya bincike ya nuna fitsarin ɓera ya bambanta da na mutum, wasu ƙananan duwatsu ne suke taruwa a mafitsarar ɓeran suna gurje ta, abin da baya faruwa ga ɗan Adam, a shekarar 2000 aka cire shi daga jerin masu kawo kansa aka kuma janye gargaɗin.

Ban ce miki waɗannan sinadarai abinci ne mai gina jiki ba fa, babu abin da suke ƙara wa jiki sai zaƙi a harshe, kuma har yanzu ana kan bincike a kansu, musamman yadda wasunsu ke taɓa ƙwayoyin halitta masu amfani da ke zaune a hanjinmu. Akwai kuma masu wata cuta ta gado da ba kasafai ake samunta ba, PKU, su an hana su aspatem kwata-kwata saboda jikinsu baya iya sarrafa wani sinadari da ke cikinsa, shi yasa zaki ga an rubuta gargaɗi a jikin gwangwani. Amma in aka ɗora su a sikeli da suga ga mai ciwon suga, ni dai ban ga abin jayayya ba.

Abu biyu nake so ki riƙe game da Mama. Na ɗaya, shayi ƙaramin abu ne a lissafin, burodin da take haɗawa da shi da malmalar tuwon shinkafa ta dare da farar shinkafar rana duk suga suke komawa a jini, don haka kar a gyara kofi a manta da kwano. Na biyu kuma shi ne wanda nake roƙonki ki gaya wa duk wanda ke gidan har yara, in Mama tana allurar insulin ko tana shan ƙwayoyin da ke saukar da suga, wata rana sugan zai iya faɗuwa ƙasa sosai, musamman in ta sha magani ba ta ci abinci ba ko lokacin azumi, zaki ga jikinta na rawa, gumi na keto mata, jiri, zuciya na bugawa, magana ta fara harɗewa. A wannan lokacin ƙwayar zaƙi ko lemo marar suga ba abin da zasu yi mata, suga na gaske ake so, ƙaramin cokali uku zuwa huɗu a ruwa ko rabin kofin lemo mai suga, in kuma har ta fita hayyacinta kar a ɗura mata komai a baki, a yi asibiti da ita kawai. Saboda haka kar a kori suga daga gidan gaba ɗaya, a ajiye ɗan kaɗan inda kowa ya sani. Ki ɗauki robar ƙwayar kuje da ita ranar ganin likita, ta ji daga bakinsa, tsofaffinmu sun fi yarda da wanda ya sa farar riga.

Tambaya ta biyu, daga wani matashi a Kaduna: Anti barka da aiki. Ni teɓa ce ta dame ni, na daina shan lemo mai suga na koma wanda aka rubuta babu suga, an daɗe ana haka amma cikin nan ko gezau. Ko yaudara ce kawai ta kamfanoni?

Yawwa ƙanena, barka kadai. Ba yaudara bace ta fuskar abin da ke cikin kwalbar, da gaske babu suga, kuma ka rage wa kanka kaya ba kaɗan ba, domin robar lemo mai suga ta rabin lita tana ɗauke da wajen giram 50, kusan ƙaramin cokali 12 kenan, wanda shi ne gaba ɗaya iyakar abin da hukumar lafiya ta duniya tace babba ya sha a yini tun a ƙa'idarta ta 2015, har ma tace in ya iya tsayawa a cokali 6 ya fi. Kaga roba ɗaya ta cinye kason yini tun kafin a zo ga mai shayi, wanda shi kuma kasan yadda hannunsa yake in ya kama cokali ga madarar gwangwani a kai.

Amma zancen rage ƙiba, a watan Mayun 2023 ita hukumar ta fito tace kar a dogara da waɗannan sinadarai wajen rage nauyi, har da sitibiya da ake cewa ganye ne, domin da suka tattara binciken da aka yi basu ga suna rage kitse ba in tafiya ta yi nisa. Sun ware masu ciwon suga, sunce shawarar ba da su take ba. Wasu binciken da aka bi mutane shekara da shekaru, irin wanda aka yi a Faransa kan mutum sama da 100,000 aka fitar a 2022, sun nuna masu yawan shansu sun ɗan fi samun ciwon zuciya, sai dai irin wannan bincike baya iya rantsuwa cewa sinadarin ne ya jawo, tunda sau da yawa wanda ya riga ya yi ƙiba ko likita ya riga ya tsorata shi shi ne ke komawa lemo marar suga.

Abin da nake zargi a naka, ka duba da kyau, mutum in ya sha marar suga sai zuciya ta raya masa ai ya yi ajiya, sai ya ƙara indomi ɗaya da ƙwai, ko ya ce a ƙaro tsire. Sannan harshen yana nan yadda yake, kullum yana neman zaƙi. Ka bar lemon ya zama na jefi-jefi, ruwa ya zama abin shanka, ka riƙa rage sugan shayi rabin cokali rabin cokali duk bayan 'yan kwanaki, zaka yi mamakin ranar da zaka kurɓi irin shayinka na da kaji ya gundure ka. Ka kuma taka da ƙafa, ba ko'ina ake hawa mashin ba.

Tambaya ta uku, daga wata mai sana'a a Gusau: Anti ina saida zoɓo da kunun aya da lamurje, suga ya yi tsada riba ba ta fita, abokan sana'a sunce in riƙa sa sakarin kowa haka yake yi. Ina tsoron haƙƙin mutane, yawancin masu siya 'yan makaranta ne.

Allah ya yi wa sana'arki albarka 'yar uwa, wannan tsoron da kike ji alheri ne. Naki ya bambanta da na mai tambayar farko, kuma gaskiya ya fi damuna. A kamfani da ma'auni ake sakawa kuma NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta Najeriya, na da hurumin dubawa, ke kuwa garin da ake ƙullowa a leda a kasuwa babu suna babu lamba, ba ki san ko sakarin ne zalla ko an gauraya shi da wani abu ba, kuma da ido ko bakin cokali za a auna. Sakarin ya ninka suga zaƙi wajen sau 300, iyakar da wancan kwamitin masana ya sa masa kuwa miligiram 5 ne a kowane kilo, wato yaro mai kilo 20 kasonsa na yini miligiram 100, kashi ɗaya cikin goma na giram ɗaya tak. Yaron da ya sha koko mai sakarin da safe, ya sha zoɓonki a tara, ya sha ƙanƙara mai kala a hanyar gida, wa yake masa lissafi? Ga shi kuma in ya yi yawa yana barin wani ɗaci-ɗaci a maƙogwaro kamar an lashi ƙarfe, masu siya suna ganewa ko basu faɗa miki ba, sai dai kiga sun koma wajen wata.

Sannan wanda ya ba ki kuɗinsa yana zaton suga ne a ciki, in kin canza baki faɗa ba ya shiga babin algus, kin kuwa san hadisin da Manzon Allah (SAW) yace wanda ya yi mana algus baya tare da mu. Shawarata ki rage girman roba ko ki ƙara ɗan kuɗi ki faɗa musu dalili, ki rage sugan ki ƙarfafa kayan ƙamshi, citta da kanumfari da ɓawon abarba da aka wanke tas a tafasa tare da zoɓon, kunun aya kuma dabino da kwakwa sun isa su ɗauke rabin aikin. In kuma kina so ki yi na masu ciwon suga daban, ki sayi mai rajista a kemis, ki bi awon da aka rubuta, ki manna takarda a jikin robar kowa ya san abin da yake siya.

Tambaya ta huɗu, daga wani dattijo a Maraɗi: Hajiya ni ban yarda da kayan Bature ba, ina da ciwon suga, na koma zuma da mazarƙwaila. Na yi daidai?

Baba Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana. Zuma abu ne mai albarka babu mai musun wannan, amma mafi yawan abin da ke cikinta suga ne, kuma tana ɗaga sugan jini, balle ta kasuwa da ake haɗawa da narkakken suga. Mazarƙwaila kuwa ruwan rake ne aka dafa ya daskare, ita da farin suga uwarsu ɗaya. In kuna da na'urar gwaji a gida ku gwada da kanku, ku auna kafin ku sha, ku sake aunawa bayan awa biyu, ku rubuta lambobin a takarda ku kai wa likitanku, shi zai faɗa muku ko akwai ɗan adadin da jikinku zai iya ɗauka. Kuma don Allah ko jikoki sun zo kar a lasa wa jaririn da bai cika shekara ɗaya ba zuma, tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da hanjinsa bai yi ƙwarin da zai iya da ita ba.

Masu tambaya kan hawan jini da gishiri da dunƙulen miya, saƙonninku sun iso, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.