Filin Tambaya: Mun Liƙe Firigo, Gas Ya Sake Gudu

TAMBAYA: Salamu alaikum malam. Ina koyon gyaran firigo da kilim nan Sabon Gari, Damagaram. Wata hajiya mai saida ƙanƙara ta kawo firigonta, mun yi walda inda yake yoyo mun sa gas, ba'a jima ba ya sake gudu, daidai inda bututun jan ƙarfe ya haɗu da na baƙin ƙarfe a baya. Maigidana yace a ƙara gas kawai. Mi ke faruwa dan Allah?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Gas ɗin firigo ba man babur bane da zai ƙare da aiki, in ya ragu to akwai kafa, ƙara shi ba'a toshe ba cin kuɗin hajiya ne kawai, ga zafin Afrilu lokacin da take cin kasuwarta.

Ina kyautata zaton sandar waldar ce matsalarku. Waccan mai araha da ke cike shaguna, jan ƙarfe ce da fosfor, tana kama jan ƙarfe da jan ƙarfe tsaf ko hodar walda mai sa ta kama bata buƙata, amma kan baƙin ƙarfe haɗin gautsi yake yi, a ido yayi kyau sai girgizar kwamfuresa, wato injin da ke tura gas ɗin, ta tsaga shi a hankali. Wurin nan sai sanda mai azurfa da hodarta. Ka goge bakin bututun da sanfefa har yayi ƙyalli, ka gasa bututun ba sandar ba, zafin ƙarfen ne zai narkar da ita ya ja ta cikin haɗin. In da hali a bar azot, wato iskar naitirojin da bata kama wuta, na bi cikin bututun kaɗan-kaɗan lokacin waldar, in ba haka ba baƙin ɓawo ke taruwa ya je ya toshe siririn bututun da gas ke bi. Ka canza filta, ka gwada da azot da kumfar sabulu, ka zuƙe iska da famfo sannan gas, a auna shi a sikeli yadda aka rubuta.

Amma kafin ka kunna wuta wlh ka fara karanta takardar jikin kwamfuresa. In gas ɗin da aka rubuta R600a ne, ɗan'uwan gas ɗin girki ne, yana kama wuta kuma ƙasa yake kwanciya don yafi iska nauyi, sai an fidda shi duka a fili. R134a da R22 basa ci haka amma in suka taɓa harshen wuta hayaƙin guba ne. Kuma kar ka kuskura ka gwada yoyo da oksijin, in ya haɗu da man kwamfuresa fashewa yake.

Maigidanka kuwa ka faɗa masa cikin ladabi ku biyu, ba gaban hajiya ba.