Kada ka cike tsagar daɓen katako da hunturu

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce Hajiyar nan mai tsohon gida a Unguwar Rimi ta kira ka saboda daɓen katakon falonta ya buɗe, tsaga ta fito tsakanin katako da katako har bakin wuƙa na shiga, folish ɗin kuma ya dusashe ta wajen ƙofa. Tana so a cike, a gurje, a shafe kafin bikin 'yarta. Kai kuma kana tambaya ko ka ɗauko injin sanfefa gobe, da irin katakon da za ka sayo ka maye waɗanda suka lalace.

Bar injin a shago tukuna. Ka manta watan da muke ciki? Janairu ne, tsakiyar hunturu. Yadda leɓenka da diddigenka suke tsagewa yanzu, haka katakon nan yake ji. Itace ko an sare shi shekara hamsin da suka wuce bai daina shan danshin iska yana fitarwa ba. A Kaduna da Kano, danshin iska da rana a wannan watan kan sauka zuwa kashi 20 cikin ɗari ko ƙasa da haka, a Agusta kuwa ya haura 80. Katakon da ya daɗe a iska mai kashi 20, ruwan jikinsa kan koma wajen kashi 4 zuwa 5, a iska mai kashi 80 ya kai wajen 16. Ba ta tsawo yake motsi ba, ta faɗi ne. Ɗauki falle mai faɗin santimita 10: ko milimita ɗaya kacal ya tsuke, a ɗaki mai mita huɗu falle arba'in ke nan, ka ga santimita huɗu sun ɓace daga daɓen. Su ne kake gani a matsayin tsaga.

To, in ka dama dusar katako da gam ka toshe tsagar nan yau, aikin zai yi kyau ranar biki, a yaba maka. Da damina ta kankama katakon zai kumbura ya nemi wurinsa, ya tarar ka cike. Ko dai ya tofo abin da ka cusa ya zama ɓurɓushi a kan daɓe, ko kuma in cikon ya fi ƙarfinsa ya ture na kusa da shi, tsakiyar falo ta tashi kamar doron raƙumi. A lokacin ba za a ce damina ce ta yi ba, sunanka za a kira.

Ni ma sai da na sha kafin na gane. Ina da ƙuruciya na karɓi aikin wani gida a Abuja, aka kawo katakon loko daga kudu a watan Yuli, daga kan mota na fara shimfiɗawa saboda maigidan na matsa mini. Na matse su sosai, ko allura ba ta shiga. Watan Fabrairu aka kira ni. Na durƙusa na zura kwandala a tsaga ɗaya, ta tsaya cak a tsaye ba ta faɗi ba. Maigidan bai zage ni ba, kallona kawai ya yi, da ma zagin ya yi ya fi mini sauƙi. Ribar aikin da rabin jarina suka tafi wajen ɗagewa da sake shimfiɗawa. Tun ranar ban ƙara taɓa katakon daɓe ba tare da mitar auna danshi a aljihuna ba.

Abin da za ka gaya wa Hajiya shi ne, siririyar tsagar da ta buɗe da hunturu za ta rufe kanta da damina, a ƙyale ta. Wadda ta kai Agusta ba ta rufe ba, ita ce ke neman gyara, ita ma da siririn tsinken katako irin na daɓen za a toshe ta, a shafa gam gefe ɗaya kawai. Ni na fi son yin babban gyara da kaka, ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Nuwamba, lokacin katako na tsaka-tsaki, ƙura kuma ba ta sauko sosai ba.

Batun gurza kuwa, ba kowane daɓe da ya dusashe ke bukatar babban inji ba. Ɗiga ruwa cokali ɗaya a inda ya fi shan ƙafa, ka jira minti biyar. In ruwan ya tsaya dunƙule a sama, folish na nan da ransa, sanfefa mai laushi lamba 120 ko 150 za ka bi da ita sama-sama, ka share, ka ƙara shafi ɗaya. Wannan kam ana iya yi kafin biki. In ruwan ya nutse katakon ya yi duhu, to an kai ga tsokar itace, sai cikakkiyar gurza. Ka kuma tambayi masu aikin gidan ko suna goga kakin sheƙi, domin foliyuriten, wato folish ɗin da za ka shafa, ba ya kama jikin kaki, bayan 'yan makonni zai riƙa saɓulewa kamar fatar maciji.

Kafin komai ka zagaya falon da ƙotar guduma kana ƙwanƙwasawa. Wanda ya kama ƙasa ƙararsa a cike take, wanda ya saki sai ka ji shi kamar ƙwarya. A tsofaffin gidajen nan sau da yawa da kwalta aka manne ƙananan katakan, in ka ɗaga ɗaya za ka ga baƙi a bayansa. Sai ka kankare ta tas kafin ka sa sabon gam. Wanda ka ɗaga ɗin ka duba kaurinsa. Falle mai milimita 18 zuwa 20, abin da ke saman harshensa, wato ɗan tudun gefensa da ke shiga cikin na kusa da shi, bai wuce milimita 5 ko 6 ba, kowace gurza kuma tana cin kusan milimita ɗaya. In an riga an gurje shi sau uku ko huɗu, ka yi hattara, kada garin neman gira a rasa ido. In kuwa ka tarar laminet ne, hoton itace ne kawai aka manna a kan allo, ba a gurzarsa ko kaɗan.

Ka kuma ɗora dogon ƙarfe miƙaƙƙe a kan faɗin fallayen. In gefunansu sun ɗago tsakiya ta lotsa kamar kwale-kwale, laima ce ke tasowa daga simintin ƙasa, ko famfo na yoyo a bango. Manna leda da salatif a kan simintin inda ka ɗage, ka rufe gefunan ruf, ka dawo bayan kwana biyu. Ka ga gumi a cikin ledar, to ba aikin sanfefa ba ne tukuna. Wanda ya gurje katako yana kwale-kwale ya aske gefuna ke nan, ranar da ya bushe tsakiya ce za ta yi tozo.

Ranar gurzar ka fara da sanfefa lamba 40, sai 60, sai 80, ka gama da 120, kada ka tsallake don sauri, domin kowace lamba zanen ta baya take gogewa. Ka bi tsawon jijiyar itacen. In irin shimfiɗar nan ce mai kama da ƙashin kifi, a karkace ake bin ta. Kada ka sauke gangar injin kana tsaye wuri ɗaya, sai kana tafiya, in ba haka ba za ta haƙa kwari wanda sai an shafa folish zai bayyana. Ka sa takunkumi na gaske, ba ƙyalle ba, ƙurar loko tana sa ƙaiƙayi da sarƙewar numfashi. Bayan ka share ka rufe tagogi, ka toshe ƙasan ƙofa, ka bar ƙura ta kwanta, ka goge, sannan shafi uku sirara da sanfefa mai laushi a tsakani. In mai ka shafa maimakon folish, tsumman kada ka dunƙule shi ka jefa kwana, yana iya kama wuta da kansa. Jiƙa shi a bokitin ruwa.

Katakon mayewa, irin na daɓen za ka nema. In zaɓi aka ba ni a sabon aiki, kawo nake fara nema, wanda 'yan kasuwar katako ke kira apa, saboda yana da tauri kuma bai cika motsi tsakanin rani da damina ba. Sai loko, wanda gara ba ta cika damunsa ba, amma ka sani akan tarar da wani abu kamar tsakuwa a cikinsa mai dakusar da zarto, kuma sabo rawaya-rawaya ne, sai ya sha haske yake komawa ruwan ƙasa. Ka faɗa wa Hajiya tun da wuri kada ta ce ka yi mata faci. Maɗaci ma yana yi. Obeche dai kada ka yarda ko kyauta ne, danna farcenka a jiki za ka ga shaida. Farin ɓangaren nan na kusa da ɓawo, ko na wane itace ne, a yanke a yar, shi ne abincin gara. Duk abin da ka sayo ka jera shi cikin falon da 'yan sanduna a tsakani, mako biyu ko uku, sai mita ta nuna ya yi daidai da tsohon daɓen. A jikin bango ka bar milimita 10 zuwa 15, katakon gindin bango zai rufe.

Kulawa kuma sai ka zaunar da masu sharar gidan ka yi musu bayani da kanka. Ba a kwara wa wannan daɓen ruwa da omo kamar tayil. Tsintsiya mai laushi kullum, mofa a matse ta sai ta kusa bushewa. Rairayin takalmi sanfefa ne, a sa tabarmar goge ƙafa a bakin ƙofa, a manna ƙyalle a ƙafafun kujeru. Buta kada ta kwana a kai. Kaskon turaren wuta kuma, tunda gidan biki ne, a samo faranti mai kauri a riƙa ɗora shi, tabon garwashi guda ɗaya sai an gurje katakon sosai kafin ya fita.

Kada ka yanke mata kuɗi sai mun gani tare. Ranar Asabar bayan azahar zan biyo, ka zo da mitar da ke cikin akwatin kayana da leda da salatif.