Tambaya da Amsa: Hannun Manyan Ƙasashe a Juyin Mulki da Amanar Ƙawance

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Maradi, ina safarar kaya ta hanyar Ɗan Isa zuwa Katsina. A majalisarmu gardama ta ƙi ƙarewa: wasu sun dage cewa ba a taɓa kifar da gwamnati a Afirka ba sai da hannun wata babbar ƙasa, wasu kuma suna cewa wannan zance ne na masu neman wanda za su ɗora wa laifi. Wane ne ke da gaskiya? Kuma idan ƙaramar ƙasa irin tamu ta jingina da babba, shin za ta tsaya mata ranar wuya?

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Abokanka na farko suna da hujjar da ba a iya ture ta, sai dai sun faɗaɗa ta fiye da kima.

A shekarar 1953 hukumomin leƙen asirin Amurka da Birtaniya suka shirya kifar da Firaministan Iran Muhammad Musaddak, shekara biyu bayan ya mayar da man fetur ɗin ƙasarsa hannun gwamnati, kuma sai a 2013 hukumar CIA ta amince da rawar da ta taka a cikin takardun da aka saki. A Kongo an kashe Patrice Lumumba, firaministan ƙasar na farko, a watan Janairun 1961, kuma Beljiyam, wadda ta yi wa ƙasar mulkin mallaka, ba ta nemi gafara kan rawar da ta taka ba sai a 2002, bayan binciken majalisar dokokinta. Faransa ba ta ma damu da ɓoyewa ba: a 1964 ta tura soji Gabon suka mayar da Leon Mba kan kujerar da aka tumɓuke shi, a 1979 kuma sojojinta suka kawar da Bokassa a Afirka ta Tsakiya suka ɗora David Dacko. Masu ganin Masko ba ta da irin wannan hali su tuna cewa a ƙarshen 1979 dakarun Tarayyar Sobiyet suka kashe shugaban Afganistan Hafizullah Amin, wanda abokin tafiyarsu ne, suka maye gurbinsa da Babrak Karmal.

Inda na rabu da abokanka shi ne kalmar "ba a taɓa ba". Magabata sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a galibin waɗannan misalai 'yan ƙasa ne suka buɗe ƙofa: hafsoshi da 'yan siyasar Iran a Tehran, hafsan soji Mobutu da Combe, shugaban 'yan awaren Katanga, a Kongo. Dubi abin da ya faru a gidanmu ranar 15 ga Afrilun 1974, lokacin da Seyni Kunce ya hamɓarar da Diori Hamani. Gaskiya ne Diori yana cikin ja-in-ja da Faransa kan farashin uraniyom, kuma sojojin Faransa da ke Yamai ba su motsa don kare shi ba duk da yarjejeniyar tsaro da ke tsakani, abin da ya sa har yau ake zargi. Amma fari da yunwa sun riga sun galabaita talakawa, ƙorafin karkatar da abincin agaji ya cika gari, kuma ba da jimawa ba Kuncen da kansa ya sallami sojojin Faransa daga ƙasar, abin da ɗan amshin shata ba zai yi ba. A ganina, wanda ya ɗora komai a kan baƙo yana wanke na gida ne ba tare da ya sani ba.

Tambayarka ta biyu ta fi nauyi, kuma babu misalin da ya fi na yankin ƙahon Afirka bayyana ta. A 1974 Somaliya ƙarƙashin Siyad Barre ta sa hannu kan yarjejeniyar abota da Tarayyar Sobiyet, ta ba ta damar amfani da tashar jiragen ruwa ta Barbara, yayin da Habasha ke ɓangaren Amurka tun zamanin Sarki Haile Selassie. Da yaƙin Ogaden ya ɓarke a 1977, Masko ta auna ta ga Habasha ta Mengistu ta fi girma da amfani, sai ta koma bayanta da makamai da dubban sojojin Kuba. Barre ya kori masu ba da shawara na Sobiyet a watan Nuwamba na wannan shekara, kuma zuwa 1980 Amurka ce ke amfani da Barbara. Cikin 'yan shekaru kaɗan an yi musayar iyayen gida baki ɗaya. Haka Amurka ta janye daga Kabul a 2021 gwamnatin da ta ɗaure wa gindi ta rushe, haka kuma Rasha, wadda ta ceci Bashar al-Assad na Siriya da jiragen yaƙi a 2015, ta ƙare da ba shi mafaka da gwamnatinsa ta faɗi a Disamban 2024.

Su ma ƙananan ƙasashe ba biyayya ce ta har abada suke yi ba, kuma wannan kai shaida ne. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da ya kawo Janar Abdurahamane Tiani, sojojin Faransa sun fice a Disamba, Amurkawa sun bar sansanin Agadas a 2024, masu horar da soji na Rasha sun iso Yamai a Afrilun 2024, Nijar kuma ta haɗa kai da Mali da Burkina Faso a ƙawancen AES ta fita daga CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma. Amma kafin a kai nan, takunkumin CEDEAO ya rufe iyakar Najeriya, an yanke wutar lantarkin da ke zuwa daga can, kuma manyan motoci sun yi jerin gwano a Ɗan Isa da Jibiya har aka ɗage shi a farkon 2024. Nauyin wannan rikici ya fi sauka a kan irinku 'yan kasuwa da masu saye da awo, waɗanda ba a shawarce su ba.

Ko Sin ma, wadda kamfaninta na CNPC ya shimfiɗa bututun mai na kusan kilomita 2,000 daga Agadem zuwa gaɓar tekun Benin, ba ta tsira ba, domin a watan Maris na 2025 hukumomin Yamai sun kori wasu manyan jami'ai uku na kamfanonin mai na Sin saboda saɓani kan albashin ma'aikata 'yan ƙasa da bin dokokin Nijar.