Daga Kiyashi Zuwa Ƙwayar Zarra

Wata ɗaliba daga Zariya ta rubuto tana tambaya: "Malam, a aji an ce mana atom shi ne ƙwayar zarra. Ita ce zarrar da ke cikin Suratu Zalzala?"

'Yata, kalmar ɗaya ce, amma ma'anar ta yi tafiya.

Zarra aro muka yi daga Larabci, da harafin zalun nan mai ɗigo da bakin Bahaushe ke mayarwa z, kamar yadda ya yi a zikiri da izini da zunubi. A wurin Larabawan farko, zarra ƙaramar tururuwa ce, irin kiyashin nan da ke yi wa gwangwanin sukari dafifi. Malaman tafsiri sun ƙara da wata fassara da na fi so. Ki tuna lokacin da ake shara da hantsi, hasken rana ya ratso ta kafar taga, sai ki ga ƙura tana yawo a cikinsa, ki kai hannu ki kama ba ki samu komai ba. Kowane ɗigo ɗaya a ciki zarra ne. Da wannan ma'auni aya ta 7 da ta 8 na Suratu Zalzala suka auna alheri da sharri.

Shi kuwa atom daga Girkanci ya fito, atomos, wato abin da ba ya yankuwa. Masanin falsafa Demokiritus, a ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya ce in aka yi ta raba abu, dole a kai ga gutsuren da wuƙa ba ta da abin yi da shi. Malaman ilimin kalam, wato fannin tattauna aƙidar Musulunci da hujjar hankali, irin su Baƙillani sun daɗe suna muhawara a kansa, amma jauharul fardi suke kiransa. Sai a zamanin nan Larabawa suka ɗora wa atom sunan zarra, mu kuma muka bi sahu.

Masanin kimiyya John Dalton ya shigar da atom kimiyyar sinadarai a 1808. A 1897 J. J. Thomson ya gano lantaron, wato wani ɗan ƙanƙanin sashe mai ɗauke da cajin lantarki, a cikinsa, aka ga abin da aka ce ba ya yankuwa yana da 'ya'yan ciki. Sunan dai ya zauna.

Don haka ba na goyon bayan masu cusa wa ayar ma'anar atom ta aji. Wanda ya fara jin ta a Makka ko Madina kiyashi ya hango, kuma ya fahimta sarai.

Zarrar da muke cewa "ta yi musu zarra" kuwa fifiko take nufi, kada ki haɗa su.