Ƙirga ɗaya, fassara huɗu: gardamar duwatsun Faransa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina karatun tonon kayan tarihi. Malaminmu ya ce ƙirga kayan aikin dutse na mutanen da ba ya nuna komai sai an ɗora shi a kan ra'i. To, ba lissafi ne ke raba gardama ba?
Ɗalibi daga Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam. Malaminka ya faɗi gaskiya, kayan mutanen Niyandatal, wani jinsin mutanen da da ya ƙare, na kudu maso yammacin Faransa sun isa shaida.

François Bordes, masanin tonon kayan tarihi ɗan Faransa, ya kasa kayan dutsen ƙanƙara gida 63. Daga kowane hawa na ƙasa yakan so a samu aƙalla guda 100, a fitar da kason kowane iri cikin ɗari, sannan a gwada wannan hawa da wancan. A Combe Grenal, wani wurin tono a yankin, inda hawa 55 ke ɗauke da irin waɗannan kaya, wani hawan makankarai ne suka rinjaya, wani kuma masu haƙora kamar zarto. Bordes ya ce ƙabilu ne daban-daban, kowace da hannunta.

A 1966 wasu masanan, Lewis da Sally Binford, suka ce a'a, mutane ɗaya ne, aikin ne ya bambanta: nan fiɗa, can gyaran itace. Paul Mellars kuma ya ce zamani ne ke sauyawa.

Maganar Harold Dibble ta 1987 ita ce muka fi so ka riƙe. Dubi wuƙar mahauci da ta sha washi har ta zama siririya. Wanda bai sani ba sai ya ce wata iri ce dabam. Haka makankari: yana farawa da baki ɗaya, a sassaƙe ɗaya gefen ya zama biyu, a ci gaba har bakunan su haɗu su yi tsini. Ka ga kaya ɗaya ya shiga gida uku a jerin Bordes, kuma shi kansa jerin ra'i ne, tun kafin a fara ƙirga.

Idan kaya sun zo hannunka, auna tsawo da faɗi da kauri, da girman gurbin da aka buga ɓallin dutsen da aka yi kayan da shi ya fita, domin shi ke nuna girmansa na asali. Gurbi babba a jikin ƙaramin kaya alamar yawan washi ce. Bincika nisan mahaƙar dutsen, don inda dutsen ƙanƙara ke wuya an fi cinye shi da washi. Ka kuma tambayi ko masu tonon farko sun tankaɗe ƙasa. In ba su yi ba, ƙananan ɓalli sun bi juji, kason manyan kaya zai kumbura.