Awa nawa dawo da kwamfuta daga kwafin ajiya ke ci?

Ɗan'uwa, ka ce kwamfutarka ta shafe awa uku tana dawo da bayanai daga kwafin ajiya, kana tsoron ko ta maƙale ne. Da wuya in ta maƙale.

Lissafin ya danganta ne da yawan bayanan da kuma hanyar da suke bi. A ce gigabait 500 ne a hadis (hard disk, ma'ajiyar bayanai) na waje. Idan ta USB 2.0 ka jona, gudun bai cika wuce megabait 30 zuwa 35 a daƙiƙa ba, wato awa huɗu da wani abu. Ta USB 3.0, wanda galibi bakinsa shuɗi ne, hadis ɗin na iya ba da megabait 100, sai a gama cikin awa ɗaya da rabi. Daga intanet kuwa sai haƙuri: layin da ke ba da megabit 20 a daƙiƙa (megabit takwas ne megabait ɗaya) zai ci kusan awa 11 kan gigabait 100 kacal.

Abin da mutane ke mantawa shi ne ƙananan fayiloli. Bidiyo guda mai gigabait 10 yakan wuce fit, amma dubban hotuna da takardu masu wannan nauyin sai sun ja, don kowanne sai an buɗe masa gurbi daban. Shi ya sa agogon da ke kan allo ke cewa saura minti 20, can ya koma awa biyu. Ni dai ban yarda da shi ba.

Dubi fitilar hadis ɗin. Muddin tana ƙyaftawa, aiki na tafiya. Ka bar caja a jone, kada ka zare wayar hadis ɗin ko ka kashe kwamfutar, don katsewa a tsakiya na iya hana ta tashi, a sake daga farko.