Allon Mota Ya Hana Rediyo Sakat

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam Injiniya. Ni mai gyaran wutar mota ne. Na ɗaura wa wani allon kallo a bayan kujera, na ja kebul daga na'urar gaba. Kebul ɗin bai kai ba, sai na yanke na ƙara masa tsawo. Hoto ya fito tar. Amma da an kunna allon sai rediyon FM ya kama shuu, musamman tashoshin da ke kusa da 100, rimot ɗin ƙofa ma sai an matso dab da mota yake aiki. Na canza eriya, bai daina ba. Ina mafita?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Mayar wa mutumin eriyarsa, ba ta da laifi. Ai da bakinka ka nuna ɓarawon: wurin nan da ka yanke ka ɗaura.

Bari mu yi ɗan lissafi. Yawancin ƙananan alluna masu ɗigo 800 sau 480 suna aiki da agogo, wato siginar da ke tsara saurin tura hoto, mai bugun kusan megahaz 33 (bugu miliyan 33 a daƙiƙa). Siginar dijital kuwa ba a hankali take hawa da sauka ba, tsalle take yi, kuma duk siginar da ke tsalle tana haifar da 'ya'ya a ninkin bugunta. Ninka 33 sau uku, ka samu 99. FM kuma daga 87.5 take zuwa 108. Ka ga ta faɗo tsakiyar gida. Ninkin da suka fi haka nisa kan kai inda rimot yake, wato megahaz 315 ko 433.92, har su toshe wa motar kunne. Sannan a megahaz 100, waya mai tsawon santimita 75 kacal ta isa ta zama eriya mai kyau. Kebul ɗinka ya ninka haka.

To me ya sa allon da mota ta zo da shi daga kamfani ba ya wannan ɓarna, alhali ya fi naka gudu nesa ba kusa ba? Hanyoyin da ake tura hoto a mota, irin su FPD-Link na Texas Instruments, da GMSL na Analog Devices, da APIX na Inova, suna tura gigabit da yawa cikin daƙiƙa ɗaya. Ɗaya daga cikin dabarunsu ita ce tagwayen waya murɗaɗɗu: abin da ɗaya ta ɗauka, ɗayar tana ɗauke da kishiyarsa, sai hayaniyarsu ta kashe juna. Wannan yana yiwuwa ne kawai idan tsawonsu ɗaya, murɗinsu bai warware ba. Da ka buɗe su don ka yi ɗauri, ɗaya ta ɗan fi ɗaya, abin da bai soke ba sai ya bi jikin kebul ya fita iska.

Ga kuma sulke, ragar ƙarfen nan da ke lulluɓe da wayoyin. Nan ne mafi yawan masu gyara ke yin kuskure, ni ma na yi shi. Na taɓa shafe kwana biyu ina zargin wata na'ura, ashe ni ne na tattara ragar na murɗe ta kamar jelar ɓera na manna a gefe guda. Mita ta nuna min akwai haɗi, na saki jiki. Mita ba ta yi ƙarya ba, amma wutar batir take aunawa. A gudun megahaz ɗari, wannan 'yar jela kanta shinge ce, kuma eriya ce. Dole sulke ya rungumi bakin mahaɗi ta ko'ina, zagaye cif, a duka ƙarshen biyu. Shi ya sa mahaɗan kebul na mota irin su HSD da FAKRA suke da zagayen ƙarfe a ciki da ke haɗuwa da sulken.

Saboda haka kada ka gyara ɗaurin, cire kebul ɗin gaba ɗaya. Nemo mai tsawon da ya kai, wanda aka haɗa bakinsa tun daga masana'anta, kuma irin wanda na'urar ke so: mai om 100 (ma'aunin turjiyar kebul ga sigina) idan tagwaye ne, mai om 50 idan mai waya ɗaya a cibiya ne. Kwantar da shi a jikin ƙarfen mota, nesa da wayar eriya. Idan dole su haɗu, su gitta juna, kada su yi tafiya kafaɗa da kafaɗa. Rarar da ta saura kada ka naɗe ta gammo. Zoben ferait, wanda ake zura wa kebul don ya shanye hayaniya, a kusa da bakin allo yana taimakawa, amma ni ina ɗaukarsa ƙari ne, ba magani ba.

Akwai wata dabara ta masu ƙera na'urar: suna sa agogon ya riƙa ɗan karkata sama da ƙasa da kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari, don kada ƙarfin ya taru a wuri guda. Hayaniyar ba ta ragu ba, shimfiɗa ta aka yi. Tana taimaka musu su haye gwajin CISPR 25 na auna hayaniyar kayan wutar mota, inda ake ajiye eriya mita ɗaya daga na'ura a ɗakin da aka killace, amma ba ta rufa wa yankakken kebul asiri. Allunan da ake ɗaurawa daga baya kuwa, ba duka ne suka taɓa shiga wannan ɗaki ba.

Kafin ka kwance komai, yi gwaji biyu. Ɗauki ƙaramin rediyon hannu, sa shi inda babu tasha kusa da 100, ka bi kebul ɗin da shi a hankali, za ka ji inda ƙarar ta fi. Sannan ka rage hasken allon ka ƙara. Idan shuu ɗin yana canzawa tare da hasken, to wutar da ke kunna fitilun bayan allon ma tana da hannu, sai ka gajarta wayar da ta je jikin mota, ka sa matata a kan wayar wutarsa.